Ayari, bi-da-bi da tsohuwar zuma: kalmominmu a tsofaffin wasannin kwamfuta

Tambayoyin wannan karon duk a kan abu ɗaya suka faɗo, shi ya sa na haɗa su wuri guda.

Wani ɗalibi daga Zariya ya rubuto: "Malam, ina son irin wasannin kwamfuta na da, waɗanda mutum yake ƙirƙirar mutanensa huɗu ko shida da kansa, ya raɗa wa kowa suna, ya ba shi sana'a, ya shiga da su daji ko kogo. Na ce wa abokaina ƙungiya ake haɗawa, sai suka ɗauka ƙwallo nake nufi. Wace kalma ce ta dace?"

Ɗan'uwa, abokanka ba su yi laifi ba. Ƙungiya a bakin Bahaushen yau tana da shugaba da ma'aji da ranar taro, ko kuma tana da riga iri ɗaya da mai horarwa. Tawaga tana tafiya, amma aikenta ake yi: tawagar gwamna, tawagar masu ta'aziyya, ta je ta isar da saƙo ta juyo. Runduna ta yi wa mutum shida yawa, kuma a cikin runduna ba a sanin sunan kowa. Kalmar da nake ganin ta zauna daram ita ce ayari.

Ayari shi ne fataken da suka haɗu don doguwar tafiya mai hatsari, irin waɗanda suke tashi daga Kano ko Katsina su nufi Gwanja sayen goro, su shafe watanni a hanya. A cikinsa kowa da aikinsa. Akwai madugu mai yanke shawara, akwai jagaba da ke gaba yana duba hanya, akwai malamin ayari, akwai masu makami. Suna ɗaukar guzuri, suna yada zango, wani ya rasu a hanya, wani ya dawo da riba. Na san za a ce ayarin fatake yakan kai ɗaruruwan mutane. Haka ne, amma kalmar ta daɗe da sassautowa, tunda yau muna cewa ayarin motoci ko da biyar ne, muna cewa ayarin masu kai amarya.

Dubi wasan Wizardry na farko, wanda Andrew Greenberg da Robert Woodhead suka rubuta, kamfanin Sir-Tech na Amurka ya fitar a 1981. Mutum shida kake shiga da su wani kogo mai hawa 10 da ke gangarawa ƙarƙashin ƙasa. Uku na gaba ne kaɗai makaminsu ke kai wa ga abokin gaba, don haka masu sulke kake jerawa a can, ka ɓoye masu rauni a baya. In ba ka da mai magani, rauni kaɗan zai mayar da kai gari. In ba ka da mai kwance tarko, akwatin dukiyar da ka samu shi zai halaka ka. Wanda ya mutu sai an ɗauko gawarsa an kai gari an biya kuɗi a yi ƙoƙarin tayar da shi, kuma aikin yana iya ɓaci ya zama toka. A Ultima III na Richard Garriott, na 1983, mutum huɗu ne, kuma abincinsu yana ƙarewa da tafiya, wato guzuri ke nan ba ragi. A Pool of Radiance na kamfanin SSI, na 1988, akwai umarni na musamman na tsayawa a huta a warke, wanda ba shi da suna a Hausa da ya wuce yada zango. Abin da aka kwaso bayan faɗa ganima ne. Ka ga kalmomin duk muna da su tun kafin a ƙera kwamfuta. Kai mai wasan kuma madugu ne: tafiyar taka ce, asarar taka ce, amma ba kai ne kowane ɗaya daga cikinsu ba.

Saboda haka ka ce wa abokanka wasan haɗa ayari. Amma kada ka ce wasan kwaikwayo, ko da yake sunan da Turawa suka ba wannan rukuni, wato "role-playing game" ko RPG a taƙaice, yana jawo mutum can. Kwaikwayo yana bukatar wanda ake kwaikwaya da kuma 'yan kallo, kamar wasan gauta da matan fada suke kwaikwayon sarki da fadawansa, ko yaran da suke shigar tsoho a tashe. A nan ba kowa ake kwaikwaya ba. Jarumai ake ɗauka tun suna raunana a yi ta rainonsu har su ƙasaita. Ni da za a bi tawa, wasan rainon jarumai za a kira rukunin gaba ɗaya, haɗa ayari ya zama reshe a cikinsa.

Akwai karin maganar da ta dace da sa'ar farko ta irin wannan wasa, lokacin da ba ka taka ko'ina ba kana ta zaɓen wane ne zai zama me: ba a fafe gora ranar tafiya. Fafewa ita ce a yanke bakin gora a kwashe 'ya'ya da tantanin cikinsa, sannan a jiƙa shi har ɗacin ya fita. Wanda ya bari sai ranar tafiya, ruwa mai ɗaci zai sha a hanya. Madugun da ya cika ayarinsa da mayaƙa shida don yana gaggawar fita, a hawa na biyu zai gane.

Wata baiwar Allah daga Maraɗi ta tambaya: "Malam, faɗan da ake yi kowa ya jira lokacinsa, bi-da-bi za a ce ko karɓa-karɓa? Kuma mene ne asalin 'dara ta ci gida'?"

'Yar'uwa, bi-da-bi. Karɓa-karɓa tana nufin abu ɗaya ne yake zagayawa hannu zuwa hannu, wannan ya riƙe ya sauke wancan ya karɓa, shi ya sa 'yan siyasar Najeriya suka kama ta wajen maganar mulki tsakanin Arewa da Kudu. A bi-da-bi ba a miƙa wa kowa komai, jeri ne kawai: wannan ya yi nasa, na bayansa ya biyo. Haka ake shiga wurin likita, haka ake dara. Kuma dara ce misalin da zai fi saurin fahimtar da wanda bai taɓa ganin waɗannan wasanni ba. Ba mai ƙwace maka wasa don ka daɗe kana tunani. Hannunka yana iya tsayawa a kan ɗa har shayi ya huce, gurbin yana nan yana jiranka.

Asalin wannan tsari a kwamfuta daga tebur ya zo. Wasan Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974, da takarda da fensir da 'ya'yan jefawa masu lambobi ake yinsa, mutane suna zaune kowa yana faɗin abin da jaruminsa zai yi in an zo kansa. Masu rubuta wasannin kwamfuta na farko wannan zaman suka ɗauko, suka ɗora wa na'ura aikin lissafi.

Ki lura da wani abu in kina nema, domin nan ne mutane suke sayen abin da ba shi suke so ba. Baldur's Gate na 1998 da Icewind Dale na 2000 suna da ayari, na biyun ma ke za ki ƙirƙiri duka shidan, amma faɗansu ba bi-da-bi ba ne. Kowa yana sara a lokaci guda, sai dai kina da ikon tsayar da komai ki ba da umarni ki sake su. Wannan sai a ce masa tsaya-ka-ci-gaba. Fallout na 1997 kuwa faɗansa bi-da-bi ne, amma mutum ɗaya kike ƙirƙira, sauran a hanya kike tsintarsu kuma ba ke ke juya su a fagen fama ba. Wasanni ne masu kyau, sai dai a cikin sharuɗɗan biyu, ayari da faɗan bi-da-bi, kowanne ya cika ɗaya ya bar ɗaya.

"Dara ta ci gida" kuma daga wasan dara ta fito, inda ci yake nufin ɗauke ɗan abokin karawa. Ci ya kamata ya faɗa wa gidan wancan, to in ya juyo ya faɗa wa naka, dara ta ci gida. Ana faɗarta in sharri ko hukunci ko dabara ta komo kan mai ita ko kan nasa, kamar a ce mai gadin kasuwa ya ɗana wa ɓarayi tarko ya kama ɗansa. A Pool of Radiance akwai ƙwallon wuta da matsafi yake jefawa, wanda ke ƙone duk abin da ke cikin da'irarsa ba ya tambayar na wane ne. Wanda ya auna ba daidai ba ya haɗa da mayaƙansa na gaba, ba shi da abin faɗa sai wannan.

Wani kuma, bai faɗi garinsu ba, ya yi gajeriyar tambaya: ko jarumin da aka sa wa wasan The Bard's Tale sunansa shi ne barde?

A'a, kamar sauti ce kawai. Barde mayaƙi ne a kan doki, na kusa da sarki. Wancan kuwa, a wasan da kamfanin Interplay ya yi a 1985, mawaƙi ne wanda waƙarsa take ƙara wa ayari ƙarfi ko kariya. Makaɗin yaƙi ke nan, aikinsa zuga. In kana fassara sauran sana'o'in, mai takobi da sulke dakare ne, mai kibiya ɗan baka, mai jifa da wuta matsafi. Mai warkarwa kuma ina roƙon a ce masa mai magani, kada a ce limami ko malami. Waɗannan kalmomi biyu suna da nauyin addini a wurinmu da bai kamata a ɗora wa almara ba.

Tambaya ta ƙarshe daga wani ma'aikaci ce a Kaduna: "Malam, ƙanena yana ce wa wasannin nan tsohon yayi, ni kuma ina ce masa da tsohuwar zuma ake magani. Wa ya fi gaskiya? Kuma a ina zan same su yanzu?"

Ranka ya daɗe, ku biyun ba abu ɗaya kuke aunawa ba. Yayi abu ne da jama'a suke rububinsa na ɗan lokaci, kamar ɗinki ko atamfa, kuma tsohon yayi kalmar raini ce, tana nufin an wuce wurin. Ta fuskar hoto da sauti ƙanenka bai yi ƙarya ba, kogon Wizardry na 1981 zane ne na 'yan layuka kawai. Karin maganarka kuma tana magana ne a kan abin da daɗewa ba ta rage masa amfani, har ma ake komawa gare shi ranar da sabo ya gaza. Ana yawan faɗarta a kan tsohon ma'aikaci ko tsohuwar dabara. Tsarin haɗa ayari da faɗan bi-da-bi yana cikin wannan sahu, kuma akwai shaida. A 2012 masu son irinsa suka tara wa kamfanin inXile kusan dala miliyan 3 ta Kickstarter, shafin intanet na tara gudummawar jama'a, don a yi Wasteland 2, ci gaban wasan 1988, ya kuma fito a 2014. Baldur's Gate 3 na kamfanin Larian da ke Beljiyam, wanda ya fito a 2023, ya bar tsarin magabatansa ya koma bi-da-bi. In kana son kalmar da ba ta da raini, ka ce salon da, ko irin na da.

Wajen nema, fara da GOG, kantin intanet da kamfanin CD Projekt na ƙasar Folan ya buɗe a 2008 musamman don tsofaffin wasanni. Suna haɗa wasan da DOSBox, manhajar da ke sa sabuwar kwamfuta ta yi aiki kamar ta zamanin DOS, wato tsohon tsarin da kwamfutoci suke aiki da shi a da, don haka ba sai ka yi wani gyara ba. A can za ka samu Pool of Radiance da 'yan'uwansa da ake kira Gold Box, da jerin Ultima, da Might and Magic wanda Jon Van Caneghem ya fara a 1986, da Wizardry 6 zuwa 8. A Steam, wani kantin wasanni na intanet, ana rarraba wasanni da alamomi, kuma da Turanci suke, saboda haka sai ka haɗa "Turn-Based" da "Party-Based RPG" a wurin bincike, ɗaya kaɗai zai kawo maka tarkace masu yawa. Internet Archive ma, shafin adana tsofaffin abubuwa a intanet, yana da tarin wasannin DOS da ake bugawa kai tsaye a shafinsa.

In tsofaffin sun yi maka tsauri a farko, akwai na tsakiya. Jeff Vogel na Spiderweb Software yana yin irin wannan tun Exile na 1995, kuma jerin Avernum nasa mutum huɗu kake ƙirƙira, faɗa bi-da-bi, hoto mai sauƙi da ƙaramar kwamfuta za ta ɗauka. The Temple of Elemental Evil na 2003 da Solasta na 2021 su ma sun cika sharuɗɗan biyu. An kuma sabunta Wizardry na farko, ya fito da sabon hoto a 2024.

Abu ɗaya da nake so ka kiyaye: kada ka sauke wasan ka bar littafinsa. A shekarun 1980 faifai ba ya ɗaukar rubutu mai yawa, sai aka buga wani ɓangare na labarin a takarda. Pool of Radiance da Wasteland na farko za su kai ka wani wuri su ce ka karanta sakin layi mai lamba kaza, in ba ka da littafin ka rasa abin da aka gaya maka. GOG yana ajiye waɗannan littattafai tare da wasan, a sashen ƙarin kaya. Ka kuma tanadi littafin lissafi mai gida-gida da fensir, domin wasannin farko ba sa zana maka taswira. Kowane hawa na kogon Wizardry gida 20 ne a tsaye 20 a kwance, kuma da hannunka za ka zana shi taki bayan taki.