Me ya sa garkuwar jiki ba ta gamawa da sankara?

Ɗan'uwa, ka tambayi me ya sa garkuwar jiki ke ƙyale sankara. Ai tana yaƙarta, sai dai ƙwayar sankara daga jikin mutum ta fito, kuma ta iya yaudara. Sojojin jini, wato ƙwayoyin garkuwar jiki, suna da wani birki da ake kira PD-1, mai hana su afka wa lafiyayyen nama. Sankara sai ta taka musu shi, su tsaya cak a bakin ƙarin. Masana kimiyya James Allison da Tasuku Honjo sun samu kyautar Nobel a 2018 saboda gano yadda ake sakin irin wannan birki. Magungunan da ke sakin birkin sun taimaka sosai a sankarar fata da ta huhu, amma fa ba kowa suke yi wa aiki ba, wani lokacin ma sojojin kan juya kan hanji.