Kafin ka taɓa gidan Hajiya, juya kwalin

Kai yaro, ka ce ɗan wata Hajiya a Agege ya aiko da kaya daga Amurka, makunnan da ake sarrafawa da waya, kyamarar ƙofa da maɓallin neman agaji, yana so ka haɗa wa mahaifiyarsa, kana tambaya ta ina za ka fara. Ka fara da juya kwalin ka karanta. Ƙarfin wutarmu ta Najeriya volt 230 ne, na Amurka 120. Cajar waya tana ɗaukar 100 zuwa 240, shi ya sa kuke zaton komai haka yake. Makunnin bango na can yawanci 120 kaɗai ya sani.

Irin wannan aikin ne ya cinye wa shagon nan kuɗi a Idi-Araba. Mai gidan ya dage sai kayan da ya aiko, an faɗa masa a waya, ya ce shi ma ya san lantarki. Yaron da ke nan kafin kai ya ɗaura su bai duba ba. Ana mayar da wuta suka yi ƙara ɗaya bayan ɗaya, ƙauri ya cika falo, tsohuwar gidan na salati. Mutumin ya hana cikon kuɗi, ya hana na wayar da aka ja, wai mun ƙona masa kayan dala. Daga aljihunmu aka je Alaba aka sayo na 230, don ba a barin dattijuwa cikin duhu. Har yau ko sannu. Don haka in kayan na 120 ne, a rubuce za ka gaya wa ɗan Hajiya, kuma ka karɓi rabin kuɗinka tukuna.

Buɗe akwatin makunni ka nemi wayar nutural, wato wadda wuta ke komawa ta cikinta. Tsofaffin gidajen Legas galibi mai wuta ce kawai ke sauka can. In babu, ko ka ja ta daga silin, ko ka sayi makunnin da ba ya buƙatarta ka sa masa kafasitansa, ɗan abin da ke riƙe wuta, a jikin ƙwan, in ba haka ba ƙwan LED zai yi ta ƙiftawa bayan an kashe. Yadda ake ja ba sai na koya maka ba.

Yawancin kayan nan wifi mai zangon 2.4 GHz suke kamawa, ba sa ganin mai 5 GHz. Rauta kuma, wato akwatin da ke ba da wifi, ka ba ta ƙaramin UPS mai volt 12, batirin da zai riƙe ta in an ɗauke wuta, ka sa na'urar jinkirta wuta a gaba, domin dawowar wuta da juyawa zuwa janareta su ke kashe su.

Fitilar dare ita ce aikin gaske, daga gado zuwa banɗaki ake faɗuwa. Ka sa mai jin motsi ƙasa-ƙasa, daidai gwiwa, kada ta kashe mata ido. Ta banɗaki ka ba ta minti 5 aƙalla, don in mutum ya zauna shiru sai ta ɗauka babu kowa ta mutu. Maɓallin agaji ka zaɓi mai layin waya da batirinsa, wanda ruwa ba ya shiga, ta rataya a wuya har wurin wanka. Makullin ƙofa mai batir, bar mata ɗan makulli na ƙarfe.

Ku yaran yanzu da zarar manhaja ta nuna kore a wayarku sai ku naɗe kaya. Kashe babban makunni, kashe rauta, ka miƙa mata maɓallin agaji, ka ce "Hajiya, danna mu gani", da hannunta. In wayar ɗanta ba ta yi ƙara ba, kada ka kira ni ka ce ka gama.