Shin cc da ml Abu Ɗaya Ne a Maganin Yara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara biyu yana fama da zazzaɓi da gudawa. An rubuta mini in ba shi farasitamol ml 5, amma cc ne a jikin sirinjin da na saya. An kuma ce in dama ORS, wato garin gishiri da sukari na masu gudawa, a ruwa lita ɗaya, alhali cl 50 aka rubuta a ledar ruwa. Ina tsoron kada in wuce ƙima. Daga wata uwa a Daura.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya ba yaron lafiya. Ki kwantar da hankalinki, cc da ml ma'auni ɗaya ne, don haka ki ja maganin zuwa lamba 5, amma sai bayan kin duba kwalbar kamar yadda zan bayyana a ƙasa. Lita ɗaya ml 1000 ce, cl ɗaya kuma ml 10, saboda haka ledar ruwa rabin lita ce, leda biyu za ki juye matuƙar lita ɗaya aka rubuta a fakitin ORS ɗin. Idan kika dama shi a leda guda gishirin zai yi yawa, kuma hakan yana cutar da yaro.

Abin da ya fi damuna, wanda kullum nake cin karo da shi a ɗakin magani, shi ne ɗaukar ml da mg a matsayin abu ɗaya. Shi ml yawan ruwan yake aunawa, mg kuwa nauyin maganin da ke cikin ruwan, kuma babu wani lissafin da zai kai ki daga ɗaya zuwa ɗaya sai kin karanta jikin kwalbar. Farasitamol na ruwa da aka saba ba yara yana da mg 120 ko 125 a cikin ml 5. Na ɗigawa da ake yi wa jarirai kuwa yakan ƙunshi mg 100 a cikin ml 1 kacal. Uwar da ta auna ml 5 daga wannan ƙaramar kwalbar ta ɗura wa ɗanta mg 500, wajen ninki huɗu ke nan, ita kuwa tana ganin ta bi umarnin likita. Farasitamol idan ya wuce ƙima hanta yake lalatawa, kuma sau da yawa yaron yakan yi kwana ɗaya ko biyu kamar lafiya lau kafin illar ta bayyana.

Duk da haka sai ka iske wani mai kemis, wanda bai taɓa tambayar nauyin yaro ba, ya miƙa kwalba yana cewa a ba shi cokali ɗaya. Wane cokali? Cokalin awo ƙarami ml 5 ne, babba ml 15, na cikin gidajenmu kuwa kowanne da girmansa. Wannan sakaci ne da ran ɗan mutane, kuma amana ce da za a tambaye shi a kanta.

Ki duba kwalbar taki kafin ki auna. Idan mg 100 a ml 1 kika gani, ki mayar da ita wurin wanda ya rubuta maganin ya sake lissafi. Kada ki ba shi farasitamol fiye da sau huɗu a awa 24, kuma idan ya ƙi sha ko idanunsa suka faɗa, ki kai shi asibiti nan take.