Waken da ya ruɓe a aji biyu

Ƙanena, ka ce ka zuba wake a kofuna da auduga don 'yan aji biyu su ga yadda iri ke tsirowa, kwana huɗu ya ruɓe, aji ya ɗauki wari, ga yara sittin suna ta tambayarka ina tsiron. Kana tambaya ko ka haƙura ka zana musu a allo. Kada ka haƙura. Yaro ɗan shekara bakwai zai kwafi zanen allo tsaf, amma ba zai yarda wake yana da rai ba sai ya ga saiwa ta fasa ɓawo da idonsa.

Ruwa ne ya kashe maka waken. Iri yana buƙatar laima da iska da ɗumi, kuma idan ruwa ya shanye kansa iska ba ta kai gare shi, sai ya mutu ya fara tsami. Auduga a kofin da ba shi da huji tana riƙe ruwa fiye da kima, ga shi kowane yaro yana so ya ƙara nasa. Sai ka canza mazubin. Samo gorar ruwa ta roba mai garai-garai, ka yanke wuyanta, ka naɗe tsohuwar jarida ninki uku ka jingina ta da bangon gorar ta ciki. Cusa ƙwayar wake tsakanin takarda da roba, huɗu a kowace gora, a tsakiyar tsayinta. Ruwa kuma santimita 2 kawai a gindi, ka ja layi da biro a wajen. Takarda za ta riƙa jan ruwa sama, wake ya samu laima ba tare da ya nutse ba, yara kuma suna kallon komai ta jikin roba. Yaro ɗaya ne mai ba da ruwa a kowane rukuni, kuma iyakarsa layin nan.

Kafin wannan duka, duba irin. Waken kasuwa da ya daɗe a buhu sau da yawa ƙwari sun cinye cikinsa. Duk ƙwayar da ke da huji, ko ta fashe, ko ta yi yawo a saman ruwa, cire ta. Mako guda kafin darasi ka gwada goma a gida cikin jiƙaƙƙen tsumma. Idan ƙasa da bakwai suka tsira, nemi wani. Irin shuka da aka shafe da magani, wanda za ka ga an rina shi ja ko ruwan hoda, yana tsira da kyau amma kada ya shiga hannun yara, guba ce a jikinsa. Jiƙawa awa shida zuwa takwas ta isa, kada ta wuce kwana ɗaya. Ka ƙirga abin da ka raba, ka ƙirga abin da ya dawo, domin ƙananan yara suna cusa wake a hanci da kunne, kuma wake kumbura yake yi idan ya samu laima.

Ranar farawa ma tana da muhimmanci. Wanda ya shuka ranar Alhamis, saiwar za ta fito Asabar ko Lahadi, babu wanda ya gani. Jiƙa daren Lahadi, a sa a gora Litinin da safe. Zuwa Laraba farar saiwa za ta leƙo daga kusa da hancin waken, zuwa Juma'a ta yi tsayi, mako na biyu kuma ƙwayar ta ɗago da kanta, ta rabu biyu, ganye ya fito daga tsakiya. Da hunturu ƙara kwana biyu ko uku a lissafinka, sanyi yana jinkirta shi. Da bazara kuwa matsalarka bushewa ce, sai ka kauda gororin daga rana tsaka ka ƙara ruwa ranar Juma'a kafin a tashi.

A ranar farko ka ba kowane rukuni jiƙaƙƙen wake guda su ɓare ɓawon su raba shi biyu da farce. A gefe ɗaya za su ga ɗan mitsitsin tsiro kwance, da ganyayensa biyu a naɗe. Nan ne za ka ce musu ɓarin biyun nan guzurinsa ne. Bayan kwana goma su duba su ga guzurin ya yamutse ya kusa faɗuwa, sai ka tambaye su ina ya tafi.

Akwai kuskuren da malamai da yawa ke yi, ka kiyaye shi. Sukan ce wa yara iri ba ya tsirowa sai da hasken rana, su sa gora ɗaya a cikin kwali don su nuna haka. Ranar da aka buɗe kwali sai a tarar na ciki ya tsira, har ya fi na waje tsayi, malam ya rasa bakin magana. Wake ba ya neman haske don ya tsira, ai a cikin ƙasa ma duhu ne. Ganye ne ke neman haske don ya yi abinci. Saboda haka na kwali zai yi zalalo, siriri, ɗorawa-ɗorawa, ba ƙwari, na taga kuma gajere, kore, yana karkata wajen haske. Yi gwajin, amma kada ka faɗi sakamako tukuna, bar su su yi hasashe ka rubuta a allo. Ka ƙara gora ɗaya busasshiya da ɗaya da ka nutsar da waken gaba ɗaya, wato irin taka ta farko. Wannan karon warin ma darasi ne. Abu ɗaya kawai za ka bambanta a kowace gora, sauran duka iri ɗaya.

Yara sittin, rukuni goma na shida-shida. Minti biyar kowace safiya ya fi darasi guda mai tsawo. Ba su iya awo da santimita sosai ba, don haka su karya tsinken tsintsiya daidai tsayin tsiron kowace rana, a manna a takarda a jere da sunan ranar. Su zana abin da ke gabansu, ko da saiwar ta karkace, ba hoton littafi ba.

Da ka zo kan dabbobi za ka ci karo da harshe. A wajen yaro Bahaushe dabba ita ce akuya da saniya da jaki. Kaza tsuntsuwa ce, fara kuma ƙwaro. Faɗa musu kai tsaye cewa a kimiyya duk waɗannan gida ɗaya suke, saboda suna ci, suna numfashi, suna girma, suna haihuwa. Haka za su ce maka mota da wuta suna da rai tun da suna motsi. Tambaye su ko mota ta taɓa haifar 'yar mota.

Waken nan da ka ware saboda huji, kada ka zubar. Zuba rabin gwangwani a kwalba, ka haɗa da lafiyayye, ka rufe bakin da ƙyalle da robar ɗauri. Ƙwaron wake yana manna ƙwansa a ɓawo, ɗigo-ɗigo fari da ido ke gani, tsutsar ta huda ta shiga ciki ta girma, bayan mako uku zuwa huɗu a lokacin zafi ƙwaro ya fito ya bar zagayayyen huji. Su ƙirga masa ƙafa shida, su kwatanta da gizo-gizo mai takwas. Wannan ya fi maka sauƙi da aminci a kan aika yara kududdufi neman 'ya'yan kwaɗi, inda akwai haɗarin nutsewa da cutar fitsarin jini. Idan kana son na ruwa, kai za ka ɗebo da kanka a ruwan da ka same su, kada su wuce biyar a roba mai faɗi, a ajiye a inuwa, ka mayar da su inda ka ɗauko da zarar ƙafafun gaba sun fito. Bayan kowane taɓi, a wanke hannu da sabulu kafin a fita tara.