Kai ma sai an gwada ka, ɗana

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya kai da ɗiyata.

Saƙonka ya same ni tun ranar Talata, amma sai da na karanta shi sau uku kafin na iya zama in ba ka amsa. Ka ce shekararku biyu da rabi da aure, har yanzu shiru. Ka ce ɗiyata ta je wajen likitan mata, likitan ya ce ba zai fara mata komai ba sai kai ma ka zo an gwada ka. Shi ne kake tambaya ko a al'ada namiji yana kai kansa a auna shi a kan haihuwa, ko kuwa tonon asiri ne, sannan ko wannan fafutukar ba gajen haƙuri ba ne da hukuncin Allah. Na fahimci abin da ya sa ni ka tambaya ba mahaifinka ba. Akwai maganar da kunya ba za ta bari ɗa ya yi da ubansa ba, ranar kawu ke nan.

Bari in fara da abin da ko mahaifiyarka, da muke ciki ɗaya da ita, ba ta sani ba. Shekara shida muka yi da Innarku kafin ta samu cikin fari. Kowa ya san wannan. Abin da aka ɓoye shi ne matsalar a jikina take. Shekara biyar cur baiwar Allah nan tana shan jiƙe-jiƙe. Har yau idan na rufe ido ina ganin kwalaben da ta jera a ƙarƙashin gado, wasu baƙi ƙirin, wasu da saiwoyi a ciki, ta toshe hanci ta kurɓa da asuba, wani lokacin ta amayar, ta sake zubawa. Duk taron dangi sai wata ta dube ta ta ce “saura ke,” ta yi murmushin yaƙe, mu dawo gida ta shige ɗaki ta rufo ƙofa. Ni kuwa ina yawona da babbar riga, ba wanda ya taɓa ɗaga ido ya dube ni da wannan magana. Ni ma ban taɓa duban kaina ba. Ina cewa tunda lafiyata ƙalau a shimfiɗa, me za a gwada?

Ranar da na je asibiti a gwada ni, wani ma'aikaci ya miƙo mini ɗan ƙaramin kofin roba mai jan murfi, an rubuta sunana a jiki. Na yi maza na cusa shi a aljihu kamar kayan sata, na zauna a benci ina sunkuyar da kai kada wani ya gane ni. Da na ɗago sai na ga maza huɗu a jere, kowa hannunsa a aljihu. Sakamako ya fito, ƙwayoyin maniyyina kaɗan ne, kuma yawancinsu ba sa motsi yadda ya kamata. Likita ya duba ni ya ce jijiyoyin jini ne suka kumbura a marainan hagu, suna tara zafi a wurin, zafin kuma yana lalata ƙwayoyin. Aka yi mini ƙaramin aiki. Ba a cika shekara ba Innarku ta fara laulayi. Ba kowa ake yi wa wannan aikin ya dace ba, kada ka ɗauka haka. Amma shekara biyar ɗin nan da ta sha wuya a kan abin da ba nata ba, har gobe ina neman gafararta a kansu.

To, maganar al'ada. Na girme ka da kusan shekara arba'in, na kuma zauna da waɗanda suka girme ni, ban taɓa jin dattijon da ya ce an hana namiji neman magani ba. Mutanen da sun nemi magani iya saninsu. Abin da ba su da shi shi ne madubin da zai nuna musu abin da ke cikin ɗigon maniyyi. Su abin da ido ke gani suke bi: ciki a jikin mace yake fitowa, in bai fito ba sai a ce ita ce. Rashin sani ne ya daɗe har ya yi furfura, muka riƙa kiransa al'ada. Abin da al'ada ta koya mana da gaske shi ne rufin asirin gida, kada a kai maganar ɗaki bakin titi. Likita kuwa ba titi ba ne. Aikinsa ma ya ɗora masa riƙe sirrin marar lafiya.

Yanzu an san cewa a kusan rabin ma'auratan da haihuwa ta yi wa wuya, akwai hannun namiji a ciki, ko shi kaɗai ko tare da matar. Kuma ƙarfin namiji a shimfiɗa daban, ƙwayoyin haihuwa daban. Mutum zai iya zama ƙaƙƙarfa ya kuma kasance babu ƙwaya ko ɗaya a maniyyinsa, ido ba ya bambancewa. Hangum da ya kama mutum bayan ya balaga yana iya sauka maraina ya yi ɓarna. Ciwon sanyi da ba a yi maganinsa da kyau ba yana iya toshe hanya. Sigari, ƙiba mai yawa, ciwon suga, yawan zama a wuri mai zafi, duk suna ragewa. Wani abin mamaki ma, allurar testosterone, wato sinadarin mazakuta, da samari ke yi don ƙarin ƙarfi ko gina jiki, ita ce ke sa jiki ya daina ƙera ƙwayoyin. In kana shan wani abu irin wannan, ka faɗa wa likita kai tsaye.

Gwajin naka ma shi ya fi komai sauƙi, shi ya sa likitan kirki ke farawa da shi. Za a ce ka ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, ka bayar da maniyyi a kofi, a duba shi cikin awa ɗaya. Babu allura, babu wuƙa. In sakamakon farko bai yi kyau ba kada hankalinka ya tashi, akan sake bayan wasu makonni, domin jiki yana ɗaukar wajen wata biyu da rabi kafin ya gama ƙera sababbin ƙwayoyi, ko zazzaɓi mai zafi da ka yi watan jiya yana iya ɓata lissafin. Ka kwatanta wannan da abin da ake yi wa mace. Za a ɗebi jininta a wasu ranaku na wata a ga ko tana fitar da ƙwai, a duba sinadarin da ke kawo ruwan nono ko ya yi yawa, a yi mata hoton ciki a ga ko akwai ƙari a mahaifa. Sannan akwai wanda ake tura ruwa ta bakin mahaifa a ɗauki hoto, a ga ko bututun nan biyu da ƙwai ke bi a buɗe suke. Innarku ta yi shi, ta ce murɗarsa ta fi ta al'ada. Da wane ido za ka bari a yi wa 'yar mutane duk wannan, kai kuma ɗan kofi ya gagare ka?

Ka tambaya ko ba ku yi gaggawa ba. Ba ku yi ba, kun ma ɗan makara. Ma'aunin da likitoci ke bi, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ma ke amfani da shi, shi ne shekara ɗaya ana tare ba tare da tsarin iyali ba. Mafi yawan ma'aurata, fiye da 8 cikin 10, suna samun ciki a cikin wannan shekarar. In ta wuce shiru, sai a je a duba. In matar ta haura shekara 35, wata 6 kawai ake jira, saboda mace da ƙwayayenta ake haihuwarta, ba a ƙara mata, kullum raguwa suke yi. Haka nan in al'adarta tana tsallake watanni, ko tana yawan ɓari, ba a jiran shekara. Kuma kada ka ga kamar ku kaɗai ne. A 2023 hukumar nan ta fitar da rahoto cewa kusan mutum 1 cikin 6 na manya a duniya yana gamuwa da wannan a wani lokaci na rayuwarsa, ƙasashen masu kuɗi da na talakawa kusan duk ɗaya.

Wani abu da ba wanda ya koya mana muna samari: ba kowace rana ce ta samun ciki ba. Ƙwai yakan fita wajen kwana 14 kafin al'ada mai zuwa, kuma kwana ɗaya kacal yake rayuwa, maniyyi kuwa yana iya kai kwana 5 a jikin mace yana jira. Kwanaki kamar shida ke nan a wata. Kai da aikinka ke yawan fitar da kai, ka duba ko kwanakin nan suna samunka a gida.

Batun tawakkali kuwa, ka fi ni karatun zamani amma ka san abin da aka ce wa mai raƙumi: ɗaure shi tukuna, sannan ka dogara ga Allah. An kuma gaya mana Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Annabi Zakariyya, da furfurarsa da tsufan matarsa, bai ji kunyar roƙon ɗa ba. Neman haihuwa ba raina hukuncin Allah ba ne. Ku yi addu'a, ku je asibiti, ɗaya ba ya korar ɗaya.

Na san abin da ke ranka, kana tsoron kada a ce sai an yi muku dashen nan da ake haɗa ƙwai da maniyyi a waje. Yawancin mutane ba sa kaiwa can. Wata matar ƙwayar magani ce ta kwana biyar za ta sa ta fitar da ƙwai, wata a rage mata sinadarin nono, wani a yi masa aiki irin nawa, wasu a wanke maniyyin mijin a sa shi cikin mahaifa a ranar da ta dace. In ma an kai ga dashen, ba sabon abu ba ne. Jaririya ta farko da aka samu ta wannan hanya, Louise Brown, a 1978 aka haife ta a Ingila, ta girma ta haifi nata. Robert Edwards, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi aikin, ya samu kyautar Nobel a 2010. Malamai ma sun daɗe da zama a kai. Tun 1980 Muftin Masar na lokacin, Shehu Jadul Haƙ, ya ba da fatawar halaccinsa, da sharaɗin ƙwan na matar ne, maniyyin na mijin ne, a mayar cikin mahaifarta, auren kuma yana nan. Abin da suka hana shi ne shigo da na wani. Sai dai ka sani yana da tsada, yana gajiyar da mace da allurai, kuma sau da yawa ba ya kamawa a karon farko. Duk wanda ya ce maka tabbas ne, kama hanyarka.

Wannan ya kawo ni kan masu cin kasuwa da hawayen mutane. Za ku gamu da su, a waya ma za su biyo ku. Alamarsu ɗaya ce: suna ba da magani ba su gwada kowa ba, suna kuma yanka wa'adi, wai cikin wata uku. Ka hana ɗiyata cusa komai a gabanta da sunan wankin mahaifa, wasu abubuwan suna ƙona wurin ko su kawo cutar da za ta toshe bututun da a da lafiyarsa ƙalau. Ko ƙwayar fitar da ƙwai ta asibiti kada ta saya da kanta don wata ƙawarta ta sha ta dace, likita ne ke auna ta yana bi da hoto. Abin da za ta iya farawa tun yanzu shi ne folik asid, maikrogiram 400 kullum, don kare jariri daga nakasar laka tun makonnin farko, shi ma ta gaya wa likitan.

Ba zan ɓoye maka ba, akwai waɗanda ake gwadawa a ce duka lafiyarsu ƙalau, amma shiru. Akwai kuma waɗanda suka yi duk abin da ake yi, Allah bai nufa ba. Ina da aboki irin haka, shi da matarsa sun tsufa tare, sun riƙe yaran 'yan'uwa har sun aurar. Ban san me aka rubuta muku ba. Abin da na sani shi ne in sakamako ya nuna ita ce, ka riƙe ta yadda za ka so ta riƙe ka in da kai ne. Innarku ta san nawa shekara talatin da wani abu, ko a cikin faɗa ba ta taɓa goranta mini ba, ko sau ɗaya. Wani lokaci ina tunanin da ita ce, anya da na iya?

Ku yi shawara ku biyu a kan wanda za ku gaya wa da wanda ba za ku gaya wa ba, kuma bakinku ya zama ɗaya. Duk mai tambaya, amsarsa “muna nema, a taya mu da addu'a.” Ba dole ba ne kowa ya san daga wane ɓangare take. Amma idan ka ji ana jifanta da magana a gabanka, kada ka yi shiru kamar yadda na yi. Shirun miji a irin wannan wurin, mace tana jinsa kamar shi ma ya yarda.

Mahaifiyarka ka bar ni da ita. Son jika ne ke damunta, ba ƙiyayya ba, na san halin ƙanwata. Zan je in same ta a ƙarshen mako, in ta kama in ba ta labarin kofin nan mai jan murfi zan ba ta, Innarku ta riga ta ce ta yarda. Kai dai ka kira likitan gobe ku sa rana, ka tambaye shi kwana nawa yake so ka ƙaurace kafin ka zo, kuma ku tafi tare da duk takardun gwajin da ɗiyata ta riga ta yi don kada a sake ɗibar jininta a banza. In kun dawo ka kira ni da daddare, bayan isha'i nake samun sarari.

Ka gaishe mini da ita ƙwarai.

Kawunka.