Amsa ga ɗan'uwan da ke tambayar MacBook ko HP: abin da ya same ni a 2023

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na karanta tambayarka jiya da dare, inda ka ce ka yi watanni kana tara kuɗi, kana sana'ar zanen fosta da katin gayyata da buga wa ɗalibai ayyukansu, kuma abokanka sun rabu gida biyu, wasu na cewa ka sayi MacBook ta hannu domin ita ce ta ƙwararru, wasu kuma na cewa ka tsaya a kan HP ko Dell mai Windows. Na bi amsoshin da aka ba ka, na ga yawancinsu gardama ce, kowa na kare abin da ke cikin jakarsa. Abin da ya hana ni wucewa shi ne maganar da ka rufe da ita, cewa kana jin nauyin fito da tsohuwar kwamfutarka a gaban abokan sana'a. Na san wannan jin nauyin sarai, domin shi ne ya jefa ni cikin asarar da sai kwanan nan na gama biyan bashinta.

Sana'armu ɗaya da kai. Na yi kusan shekara biyar ina aiki da wata HP EliteBook ta hannu, wadda ba ta taɓa kunyata ni ba. Sau ɗaya na canza mata batir, na ƙara mata RAM daga giga 4 zuwa 8, kuma duk wannan a zama ɗaya mai gyara ya yi mini ina kallonsa. Da ita na yi aure, da ita nake biyan kuɗin haya. Amma akwai wani abokina da muka yi makaranta tare, mai tace bidiyon biki, wanda ba ma zama ba tare da ya taɓa maganar kwamfutata ba, yana cewa manyan kwastomomi ba sa ba wa mai irin wannan na'ura aiki. Shi yana da hujjarsa, domin da Final Cut Pro yake aiki, kuma wannan manhaja ta Apple ce, ba ta tafiya a kan Windows. Ni kuwa CorelDRAW da Word ne abincina, ba ni da wata hujja sai son a gan ni da tambarin tuffa a kan tebur.

A ƙarshen 2022, lokacin da aikin fostocin siyasa ya fara shigowa, ya kai ni wurin wani mai shago da ya ce mutuminsa ne. Aka fito mini da MacBook Pro ƙirar 2019, tsaf kamar ba a taɓa amfani da ita ba, a farashin da ya yi ƙasa da na kasuwa sosai. Na sayar da HP ɗina, na haɗa da kuɗin adashe, na kuma karɓi rance a wurin yayana. Mai shagon ya miƙo mini ita a buɗe, da asusu a ciki da manhajoji, ya ce ya riga ya saka mini komai, ya kuma gargaɗe ni da kada in goge ta ko in fita daga asusun da ke ciki, wai manhajojin za su ɓace. Wannan gargaɗin shi ne alamar da ya kamata ta tsayar da ni, amma a ranar ido ya rufe.

Ƙananan matsaloli sun fara tun makon farko. Ramukanta duka USB-C ne, saboda haka duk kwastoman da ya zo da falas sai na nemo mahaɗi. Babbar ma'ajiyata ta waje, wadda ke kan tsarin NTFS na Windows, Mac tana karanta ta amma ba ta rubutu a cikinta. CorelDRAW kuwa sai a 2019 ya dawo kan Mac bayan dogon lokaci, alhali masu injin buga fosta da nake kai wa aiki duk Windows suke amfani da ita, da tsofaffin samfurin manhajar, har ya zama sai na mayar da kowane aiki PDF kafin haruffa su daina sauyawa. Duk da haka ban faɗa wa kowa ba. A cikin wannan zauren ma na sha shiga gardama ina kare Mac, ina cewa wanda bai taɓa ta ba bai san kwamfuta ba, alhali a gida ina fama. Wanda ya zuba dukiyarsa a abu yakan kare shi da baki ko da zuciyarsa ba ta gamsu ba, kuma ina roƙonka ka tuna da wannan duk lokacin da ɗayanmu ya rantse maka da irin tasa na'urar.

A watan Fabrairun 2023, saura kamar mako biyu a yi zaɓen shugaban ƙasa na ranar 25, ga ƙarancin takardun naira ya sa kowa cikin ƙunci, na dawo daga sallar asuba na buɗe ta domin in ƙarasa aiki. Fuskar ta fito da wani allo da ban taɓa gani ba, tana neman lambar sirri. Na saka tawa, ta ƙi. Na kashe na kunna ya fi sau goma. A cikinta akwai fostocin mutum huɗu da na riga na karɓi rabin kuɗinsu, da kalandar wata ƙungiya, da aikin kammala karatu na ɗalibai uku, kuma ba ni da kwafin ko ɗaya a wani wuri. Mai gyaran da na fara kai wa ya duba ta minti biyu ya girgiza kai. Ya bayyana mini cewa ire-iren Mac masu guntun tsaro na T2, da waɗanda suka biyo baya masu M1, suna ɗaure ne da asusun Apple na mai su na asali, kuma idan bai cire na'urar daga asusunsa ba yana iya kulle ta daga duk inda yake a duniya da zarar ta hau intanet. Na ce to a ciro mini ma'ajiyar in kwashe ayyukan mutane, kamar yadda ake yi da HP. Ya ce ma'ajiyar a like take da babban allon ciki, kuma bayanan a rufe suke da makullin da ke cikin guntun.

Sau uku ina komawa wurin mai shagon. Ranar farko ya ce in bar masa ita zai kira Legas. Ranar ta biyu ya nuna mini wani ƙaramin rubutu a ƙasan rasit, cewa babu garanti bayan kwana bakwai. Ranar ta uku, a gaban yaransa da kwastomomi, ya ɗaga murya ya ce ni ne na taɓa abin da ya hana ni taɓawa, mutumin da ya karɓi kuɗina yana kirana ƙaninsa. Wallahi har yau idan na tuna yadda yaran shagon suke kallona sai in ji ƙirjina ya yi nauyi. Na kai ƙara wurin shugabannin kasuwar, aka zauna, ƙarshen abin da ya yarda da shi shi ne ya saye ta a matsayin kayan gyara, a kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da na biya ba. Na tabbata ya san abin da ya sayar mini, domin ba don haka ba da bai hana ni goge ta ba. Abokin nawa da ya kai ni kuwa ya daina ɗaukar wayata, daga baya ya aiko da saƙo cewa shi nuni kawai ya yi, ba shi ya ce in biya ba.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne ɗaya daga cikin ɗaliban nan, wata baiwar Allah da ta ba ni rubutun hannunta babi-babi, ta kuma zubar da takardun farko bayan na ce mata na gama bugawa. Ta zo da mahaifinta, dattijo, bai zage ni ba, ya dai tambaye ni a hankali yadda za a yi. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Sai da muka yi kwana tara a shagon wani maƙwabcina, ina hayar kwamfutarsa da dare, tana tuno abin da ta rubuta ina bugawa.

Ba na ɗora laifin a kan kamfanin da ya ƙera ta. Wannan kullen an yi shi ne domin kare mai kaya daga ɓarawo, kuma yana damuna cewa wataƙila wani ne can yake kukan kayansa ni kuma na saya ban bincika ba. Saboda haka idan zuciyarka ta tsaya a kan Mac, kada ka biya ko kwabo sai mai shago ya goge ta gaba ɗaya a gabanka, an haɗa ta da intanet, an bi matakan farko har ka shiga da asusunka na kanka. Idan ta nemi asusun wani, ko ta nuna cewa wani kamfani ne ke kula da ita daga nesa, ka ajiye ta ka fita, komai arharta. Kuma kada ka sayi mai Intel irin tawa, domin tun Nuwamban 2020 Apple ya koma kan nasa guntun M1, kuma ya sanar a 2025 cewa macOS Tahoe ce ta ƙarshe da za ta hau masu Intel. Gaskiyar da ba zan ɓoye ba ita ce MacBook Air mai M1 tana riƙe caji fiye da duk wata kwamfutar da na taɓa gani a hannun abokan aiki, ba ta da fanka da za ta zuƙi ƙurar hunturu, kuma ga mai zama unguwar da wuta ba ta samuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai RAM ɗin da ka saye ta da shi da shi za ka rabu da ita, ba a ƙarawa, kuma hanyar Boot Camp da ake saka Windows a kan tsofaffin ba ta aiki a kanta.

Tun kafin wannan ma, ɗauki takarda ka rubuta manhajojin da kake ci da su, da waɗanda mutanen da kake miƙa wa aiki suke amfani da su. Photoshop da Premiere da Word suna tafiya a ɓangarorin biyu. Revit da ArcGIS Pro da Access na Windows ne, idan kana tunanin karɓar aikin masu zanen gini ko taswira nan gaba. Na ga ka ambaci Corel, kuma a ganina wannan kaɗai ya kusa yanke hukunci.

Kada kuma masu Windows su ruɗe ka cewa can babu tarko. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma tana buƙatar guntun tsaro na TPM 2.0, kuma idan kwamfutar mai Intel ce sai guntunta ya zama na zubi (generation) na takwas zuwa sama, alhali kasuwa cike take da na zubi na shida da na bakwai ana sayar da su da arha. Ka tambayi zubin, kada ka tsaya a jin Core i5 ko i7 kawai. Ka shiga BIOS, wato allon saitin da ake shiga tun kafin Windows ta tashi, ka tabbatar babu kalmar sirri, domin kwamfutocin da suka fito daga ofisoshin Turai su ma sukan zo a kulle. Ka nemi ajin ofis, irin su ThinkPad ko Latitude ko EliteBook, waɗanda batirinsu da madannansu da fuskarsu za ka same su a nan Kano cikin yini ɗaya. Ka tuna cewa tun Yunin 2023 dala ta tashi daga wajen naira 460 har ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma duk kayan gyaran da sai an yi odarsa da dala ake lissafa shi. Kamfanonin nan biyu kowanne yana sauya hanya ranar da ya ga dama: Apple ya bar PowerPC ya koma Intel a 2006, ya sake barin Intel, Microsoft kuma ya bar na'urori masu lafiya a baya. Babu wanda ya tambayi mai shagon buga takardu a Kano, don haka ban ga dalilin da zai sa mu ɓata da juna saboda su ba.

Wani abu da ba ka tambaya ba amma dole in faɗa: duk wadda ka saya, aikin mutane kada ya kwana a wuri ɗaya. Google Drive yana ba da giga 15 kyauta, kuma ma'ajiyar waje idan ka tsara ta a kan exFAT za ta yi aiki a Mac da Windows duka. Idan kana buga Hausa, manhajar Keyman tana ba ka ƙ da ɗ da ɓ a kowanne ɓangare, saboda haka wannan ba zai zama dalilin zaɓi ba. Kuma don Allah kada ka sayar da tsohuwar kwamfutarka domin cika kuɗin sabuwa. Da HP ɗina tana nan a ranar, da yawancin tsofaffin ayyukana da samfuran zanena suna hannuna, da kuma ban yi hayar na'urar wani ba.

Yanzu da ThinkPad ta hannu nake aiki, mai zubi na takwas, kuma manyan kwastomomin da aka ce ba za su zo ba suna zuwa, babu wanda ya taɓa tambayata sunan na'urar. MacBook ɗin tana cikin durowa, na ƙi sayar wa mutumin nan da ita. Ka rubuto mana adadin kuɗin da ke hannunka da jerin manhajojinka, kuma ranar da za ka je kasuwa ka yi mini magana, in Allah ya yarda zan raka ka mu goge ta tare a gaban mai shagon kafin ka ƙirga masa kuɗi.