Bargona Ya Ƙi Rufe Katifa

Tambaya: Anti, katifata shida-da-shida ce, amma bargo mai auduga da aka sako mini a kayan ɗaki ba ya sauka gefe. Da asuba maigida ya ja, ni a bar ni da sanyi. — Wata amarya, Zariya

Amsa: Ƙanwata, fuskar katifa aka auna, aka manta da kaurinta. Ƙafa 6 inci 72 ke nan. In kaurin inci 10 ne, ƙara 10 dama, 10 hagu, ya zama 92. Kada ki sayi wanda faɗinsa ya gaza haka. Ni da tef ɗin tela nake shiga kasuwa, don rubutun jikin leda ya taɓa yaudarata. Wannan ƙaramin kuwa, ninke shi ta wajen ƙafa. In hunturu ya kankama, kowa ya ja nasa.